Likitan da Na Hana Duba Idon Goggonsa

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da na hau babur daga Babura har Gwiwa don in hana wani likita duba idon goggonsa. In na faɗi haka a taro, mutane sukan dube ni kamar marar tausayi. Saboda haka bari in ɗauko muku labarin daga tushe, musamman ku da kuka shigo aikin shige da fice kwanan nan.

A lokacin ba a daɗe da canza fam zuwa naira ba, kuma duk yankin nan namu yana cikin Jihar Kano. Ni mataimakin jami'i ne, wato wanda ke zaune a teburin farko, ya karɓi fasfo, ya yi tambayoyi, ya buga hatimi. Ofishinmu yana kan hanyar da ta fito daga Nijar, gaba da Babura kaɗan. Ɗaki biyu ne na kwano, da rumfa, da sandar ƙarfe da muke ɗagawa mota ta wuce. Babbanmu na wurin ya tafi hutu, ni aka bar wa riƙo. Wanda ke kan dukkanmu yana Kano, sunansa Malam Bukar, mutumin gabas ne, dogo, ba ya son yawan magana. Shi kuma yana karɓar umarni daga babban shugaba a Legas.

Shekarun nan baƙi sun yi yawa a ƙasar. Arzikin man fetur ya fara shigowa, ana ta gina hanyoyi da makarantu da madatsun ruwa, masu sani kuwa ba su ishe mu ba. Doka ta raba baƙi gida biyu. Akwai mai ziyara, wanda ake buga wa kwanaki a fasfo, ya ga dangi ko ya ga gari ya koma. Shi ba ya taɓa aiki, ko da na kyauta ne. Akwai kuma mai aiki, wanda kamfani ko ma'aikata ke nema wa izini tun yana ƙasarsu, ya shigo da takardarsa a hannu. Bayan waɗannan akwai wata ƙaramar ƙofa da muke kira izinin musamman. Wannan doka ta bar shi ga hankalin shugaba. In ya ga baƙo ƙwararre ne ƙwarai, kuma ana buƙatarsa da gaggawa, yana iya ba shi damar aiki na ɗan lokaci ko da a matsayin mai ziyara ya shigo. In bai gamsu ba ya hana, ba wanda zai tambaye shi dalili. An karanta mana wannan a wurin horo, amma ni dai ban taɓa ganin an yi amfani da shi a ofishinmu ba.

Wata rana da hantsi, bayan an gama girbin gero, motar haya ta iso daga Damagaram. Cikin waɗanda suka sauko akwai wani dattijo mai farar jallabiya da farin rawani irin na mutanen Sudan, yana riƙe da ƙaramar jakar fata. Ya miƙo fasfo, na ga na Sudan ne, sunansa Abdurrahim, sana'arsa likita. Na gyara zama na fara yi masa tambaya da Turanci, don a ga ni ma na je makaranta.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Sannu da aiki, samari. Ƙasar Gwiwa nake nufi. Kwana nawa ne daga nan a ƙasa?"

Na riƙe alƙalami ina kallonsa. Hausa ce sak, amma irin wadda na ji a bakin kakana, ba ta rediyo ba. Na ce masa yanzu ba a tafiya a ƙasa, mota za ta kai shi Kazaure kafin la'asar, daga can ya sami ta Gwiwa. Ya yi dariya ya ce mahaifinsa da kwanaki yake lissafa masa hanyar.

Nan ya ba ni labarinsa a taƙaice. Kakansa mutumin Gwiwa ne. Ya tashi da iyalinsa a ƙasa za su aikin hajji, suka yi shekaru a hanya, a kan komowa suka zauna a wani gari a bakin kogin Nilu, ba su sake tashi ba. Da za su bar gida, ƙaramar 'yarsu Hansai tana kwance da ƙyanda, aka bar ta wurin kakarta da niyyar a dawo a same ta. Mahaifin likitan, Audu, shi ne yayanta. Ya rasu bai sake ganinta ba, amma ya bar wa ɗansa wasiyya ya je ya gano ko tana raye. Likitan ya yi karatun ido a Kartum da Masar, yana aiki a wani babban asibiti a can. Wani taro ne ya kawo shi Nijar, ya ga ya zo kusa, ya nemi bizar ziyara.

Takardunsa ba su da matsala. Na buga masa hatimi, kwana talatin, na kuma karanta masa abin da ke ƙasan hatimin kamar yadda aka koya mana: ziyara kawai, ba aiki.

Ya ce, "Goggona na zo gaisarwa."

Na ɗaga masa sanda, ya wuce. Na manta da shi.

Bayan kwana goma, ranar kasuwar Babura, ina zaune wurin mai shayi na ji wasu 'yan tireda suna hirar likitan Sudan da ya sauka a Gwiwa. Wai duk mai ciwon ido yana can, har daga Roni ana cika a-kori-kura ana kai tsofaffi. Shayin ya fita raina. Na san ko wane ne, na kuma san hatimin wa ke cikin fasfonsa. A ƙa'idarmu, baƙon da ka shigar kai ke da alhakinsa. In aka kama shi yana aiki, za a fitar da shi a hana shi dawowa, kai kuma a aiko maka da takardar tuhuma.

Zan gaya muku gaskiya, kwana uku na yi ina nuna ban ji ba. Na ce wa kaina Gwiwa da nisa, Kano ta fi nisa, nan da kwana ashirin mutumin zai tafi. Abin da ya tashe ni saƙon mahaifina ne. Ni ɗan Roni ne, mahaifina limamin unguwa ne a can. Ya aiko direban wata mota ya ce mini, duk gari an ji ni na shigo da likitan ido, Allah ya yi mini albarka. Da jin haka na san in har Roni ta san sunana a wannan magana, Kano ma ta kusa sani.

Washegari da sassafe na cika takardar gargaɗi, irin wadda in aka miƙa wa baƙo sai ya bar ƙasa cikin mako guda. Na sa ta a aljihu, na sa kaki, na hau babur ɗin ofis. Na bi ta Kazaure, na ratsa tsakanin duwatsu, na isa Gwiwa wajen azahar.

Ban sha wahalar samun wurin ba. A wata unguwa ce a gefen gari, ƙofar gidan mai unguwa, ƙarƙashin tsamiya. An shimfiɗa tabarmi, tsofaffi maza da mata sun zauna layi, kowa da sandarsa. Akwai Fulani da suka zo daga rugage, akwai manoma. Likitan yana zaune a kan turmi da aka kifa, yana ɗaga fatar idon mutum da yatsa, ya haska da ƙaramar tocila, ya rubuta wani abu a littafi. Bai yi wa kowa aiki da wuƙa ba, dubawa kawai yake yi. A gefensa wata tsohuwa ce ƙarama, ta jingina da bango, hannunta ɗaya yana riƙe da gefen jallabiyarsa.

Na tuɓe takalmi na gaida mai unguwa. Ya karɓe ni hannu biyu, ya ce ai sun ji labarina, ya sa a kawo mini fura. Na sha, don ban san yadda zan fara ba. Da na ajiye ƙwarya na ce, "Ranka ya daɗe, magana ce ta kawo ni, kuma ba mai daɗi ba ce. Baƙon nan ziyara ya zo. Doka ba ta yarda ya yi aiki ba."

Mai unguwa ya ce, "Wane baƙo? Ai wannan ɗan gida ne. Ga kangon gidan kakansa can, ga gonarsu har yanzu ana kiranta gonar Alhazai. Kuma ko ƙwayar gero bai karɓa a hannun kowa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wurinku ɗan gida ne, ni ma ban musa ba. Amma fasfon da ke aljihunsa na wata ƙasa ne. Aiki kuwa aiki ne, ko da lada ko ba lada."

Tsohuwar nan ta ɗago kai ta juyo wajen da muryata ke fitowa. Idanunta duka biyu sun yi fari fat. Ta ce, "Wane ne wannan mai babbar murya?"

Aka ce mata ɗan Liman ne na Roni, ma'aikacin kan iyaka.

Ta ce, "Ɗan nan, ina shekara shida aka tafi aka bar ni. Na yi aure, na haifa, na binne miji, ba wanda ya leƙo daga gidanmu. Yau Allah ya kawo mini ɗan yayana, ya ce yanar ido ce ta same ni, zai iya cire ta in ga fuskarsa. Kai kuma ka hawo babur tun daga Babura ka ce a'a. Liman ne ya koya maka haka?"

Na sa hannu a aljihu na taɓa takardar gargaɗin, na kasa fito da ita.

Likitan ne ya cece ni. Ya ciro fasfonsa, ya buɗe, ya sake karanta hatimin a hankali. Sannan ya kashe tocilarsa, ya sa ta cikin jaka, ya rufe. Ya ce, "Goggo, ki bar shi, gaskiya ya faɗa. Ya karanta mini ranar da na shigo, ni ne na ga masu ciwon ido na manta. A ƙasarmu ma in baƙo ya yi haka, za a tsayar da shi." Ya juyo gare ni ya ce, "Malam Salisu, na daina. Amma ka ga littafin nan. Yawancin waɗanda na rubuta, yana ce kawai. Aikin da bai kai awa ɗaya ba ne ga kowanne, su koma gona. Na ce su tafi Kano, sun ƙi, suna tsoro. Goggo ma ta rantse ba wanda zai kusanto idonta da wuƙa sai ni. Babu wata hanya a dokarku?"

Da ya yi gardama, da na miƙa masa takardar na hau babur na tafi da zuciya ɗaya. Yadda ya rufe jakar nan ba musu shi ya sa na tsaya na yi tunani. Nan izinin musamman ya faɗo mini.

Na bayyana musu yadda yake. Na ce ba ni ke bayarwa ba, ba kuma Kano ba, Legas ce, amma Legas ba ta sa hannu sai Kano ta ba da shawara. Ana buƙatar wata hukuma ta gwamnati ta rubuta cewa tana son aikinsa. Ana buƙatar a tabbatar da takardun karatunsa. Kuma sai an nuna ɗan ƙasa wanda zai tsaya kusa da shi ya koya. Kafin amsa ta zo, ko idon akuya ba zai duba ba.

Mai unguwa ya ce, "In ba a samu ba fa?"

Na ce, "Sai ya tafi ranar da kwanakinsa suka cika, ranka ya daɗe."

Goggo Hansai ta ce, "To ka tashi ka tafi neman. Zaman me kake yi?"

Mako guda na yi ina yawo. Na fara da asibitin gwamnati na Kazaure. Likitan da ke riƙe da shi ya ji bayani ya ce shi ba ya aikin ido, da ma irin waɗannan tura su yake yi, in za a samu mai yi a ɗakin tiyatarsa, yau ma zai rubuta. Ya rubuta, ya kuma ba da sunan babban nas ɗinsa, Malam Ɗahiru, a matsayin wanda zai koya. Takardun karatun likitan Sudan kuwa, sa'a muka ci yana ɗauke da su saboda taron da ya je, amma rabinsu da Larabci aka rubuta. Wani malamin Larabci na makarantar sakandare ya fassara, alƙali ya duba ya sa hatimi. Muka kai ma'aikatar lafiya a Kano, suka tuntuɓi masu rajistar likitoci, aka ba shi shaidar wucin gadi. Duk wanda na je wurinsa, da ya ji tsofaffi ne za su gani, sai ya ajiye abin da yake yi.

Saura rahotona. Na rubuta ranar da ya shigo, da cewa na same shi yana duba marasa lafiya, da cewa ya daina nan take da na yi masa magana. Kwana ukun da na yi ina nuna ban ji ba kuwa, na tsallake su.

Muka shiga ofishin Malam Bukar da safe, ni da fayil, likitan yana jira a waje. Na ƙame na sara masa. Ya karɓi fayil ɗin, ya miƙa shi nesa da fuskarsa, ya karkata kai gefe ɗaya yana karantawa, kamar yadda ya saba.

Can ya ce, "Salisu, yaushe ka ji yana aiki?"

Na ce, "Ranar kasuwar Babura, yallaɓai."

"Yaushe ka je Gwiwa?"

Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu a kan tebur, ya dube ni. Na ce, "Yallaɓai, na yi kwana uku ina fatan maganar ta mutu da kanta."

Ya ce, "Ka ƙara wannan a rahoton da hannunka. Zauna."

Na zauna na rubuta. Yana jira yana magana, abin da ba ya yawan yi. Ya ce bara wani kamfani ya kawo masa mutum da takardu masu kyau, wai injiniyan ruwa ne wanda babu irinsa a ƙasar. Ya ba da shawara, Legas ta sa hannu. Bayan wata biyu aka same shi ya buɗe kantin sayar da yadi. Ya ce, "Izinin da doka ta tsara, in ya ɓaci laifin doka ne. Wannan kuwa sunana ne a ƙasa. Ka san akwai likitocin ido a nan Kano?"

Na ce, "Akwai, yallaɓai, amma ba su da yawa, layinsu kuma da tsawo. Daga Kazaure har kan iyaka babu ko ɗaya. Tsofaffin nan ba za su zo ba. Na gan su da idona."

Ya ce, "Shigo da shi."

Likitan ya shigo ya yi sallama. Malam Bukar ya amsa, ya ba shi kujera, ya yi masa tambayoyi da Turanci, sannan da Larabci, don shi ma ya yi karatun allo sosai a gida. Ina ya yi karatu, shekara nawa yana aiki, wa zai riƙe masa aikinsa a can, me zai koya wa nas cikin ɗan lokaci. Likitan ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai yi ƙari ba. Da aka tambaye shi ko nas zai iya cire yana bayan ya tafi, ya ce a'a, wannan sai an yi shekaru. Abin da zai iya koya masa shi ne gane wane ido ne zai gyaru, da yadda ake jinyar wanda aka yi wa aiki. Na ga Malam Bukar ya gyaɗa kai.

Sai ya tuɓe tabarau ɗinsa ya ajiye, ya matso da fuska. Ya ce, "Tun da ka shigo kake kallon idona na hagu. Me ka gani?"

Likitan ya haɗa hannuwansa a kan jaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ma'aikacinka ya hana ni aiki."

Shekara huɗu na yi a ƙarƙashin Malam Bukar ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar. Ya yi ta har ya share hawaye, magatakarda ya leƙo ya ga ko lafiya. Da ya natsu ya jawo takarda ya rubuta shawararsa, ya ba da a buga telegiram zuwa Legas. Ya ce mana kada mu sa rai da yawa, shugaba yana iya cewa a'a, kuma ba za a ji dalili ba.

Kwanakin jiran nan sun yi mini tsawo. Kwana tara suka rage a fasfon likitan ranar da aka buga wayar. Na je Roni ranar Juma'a, na ga gaisuwar mutane ta yi sanyi. Da muka dawo daga masallaci, mahaifina ya ce, "An ce kai ka shigo da shi, yanzu kuma an ce kai ka hana shi. Wanne zan riƙe?" Na ce ya riƙe duka biyun tukuna. Likitan kuwa yana Gwiwa abinsa, ya cika alkawari. Mutane suna zuwa yana ba su haƙuri. Ya zauna gaban goggonsa tana ba shi tarihin gidansu yana rubutawa, yana cin tuwon gero da miyar kuka, wanda ya ce mahaifinsa ya mutu yana yabo.

Saura kwana biyu amsa ta iso. An ba shi wata uku. Aiki a asibitin Kazaure kawai, ba a ƙarƙashin bishiya ba, kuma Malam Ɗahiru ya kasance tare da shi a kowane aiki. A cikin ambulan ɗin da aka aiko mini akwai takarda ta biyu, ta gargaɗi ce gare ni saboda kwana ukun nan, an kuma sa kwafinta a fayil ɗina. Ban taɓa karɓar takardar faɗa da farin ciki irin na ranar ba. Na hau babur na kai labari da kaina.

Goggo Hansai aka fara yi wa. A zamanin ba kamar yanzu ba ne, sai an ɗaure idon an kwantar da mutum kwanaki, ba ya ɗaga kai. Ranar da za a kwance mata, likitan ya aiko a kira ni. Na tsaya daga bakin ƙofa. Malam Ɗahiru ya warware bandejin a hankali, likitan ya goge mata ido, ya ɗora mata tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ta yi ta ƙifta ido. Ta kalli taga, ta kalli tafin hannunta, sannan ta ɗago ta dubi wanda ke durƙushe a gabanta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta kai hannu ta shafa fuskarsa ta ce, "Goshin Audu ne." Likitan ya sunkuyar da kai.

Da ta share hawaye ta ce, "Ina mai babbar muryar nan?"

Aka turo ni gaba. Ta dube ni daga hula har takalmi. A lokacin ni siriri ne, kakin ma ya yi mini yawa. Ta ce, "Wannan ne? Ni na ɗauka wani ƙato ne. Ɗan nan, ba sa ba ka abinci a wurin aikin?" Duk ɗakin aka fashe da dariya. Ta kama hannuna ta sa mini albarka, ta ce a gaya wa Liman ta janye maganarta.

Wata ukun nan asibitin Kazaure bai huta ba. Daga Roni, daga Gwiwa, daga Babura, har daga ƙauyukan tsallaken iyaka ana kawo mutane. Waɗanda idonsu ba zai gyaru ba, likitan ya gaya musu gaskiya, bai yaudari kowa ba. A wata na biyu Malam Bukar ya zo rangadin ofisoshin kan iyaka, abin da bai saba yi a wannan lokaci na shekara ba, ya ce a biya da shi ta asibiti ya ga ko ana bin sharuɗɗa. Ya shiga ya daɗe. Bayan mako biyu na kai masa rahoto a Kano na same shi da sabon tabarau, yana karatu kai tsaye.

Da wa'adi ya cika, mai unguwa da dattawa suka so a nemi ƙari. Likitan ya ce asibitinsa na jiransa, can ma akwai masu yana. Ya tashi ta jirgin sama daga Kano kwana ɗaya kafin izininsa ya ƙare. Malam Ɗahiru daga baya an tura shi kwas na jinyar ido, ya dawo ya riƙe wannan ɓangare har ya yi ritaya.

Abin da na koya shi ne, a ranar da na ji labarin nan a wurin mai shayi, hanyoyi biyu kawai na gani: in kau da kai, ko in kori mutum. Duka biyun ba su da wahala, kuma duka biyun don in tsira da kaina ne. Ƙofar da ta dace tana nan cikin littafin dokar da ke kan teburina, ban tuna da ita ba sai da tsohuwa ta kunyata ni a gaban jama'a. Ku karanta dokarku har ƙarshe, kada ku tsaya a shafin hani. Kuma kada ku ɗauka ikon da aka bar wa hankalin shugaba gata ne. Nauyi ne, don babu wanda za ka laɓe a bayansa in ka yi kuskure.

Daga baya ni ma na kai kujerar da ake kawo wa irin waɗannan fayiloli. Na hana da yawa, na ba da shawara a kan kaɗan, wataƙila na yi kuskure a wasu. Amma ban taɓa sa hannu a kan ko ɗaya ba, na bayarwa ko na hanawa, sai na sa an shigo da mutumin ya zauna a gabana na ji daga bakinsa.